Ƙasan Tanki

Ran ashirin da bakwai ga wata,
a gangaren Tumfure, ƙofar gidan haya,
na murɗa mabuɗi.
Ta yi tari irin na wanda ya shaƙi hayaƙin barkono,
ta ƙara, ta kuma,
sai ta yi gum,
ta bar ni da takardun jarrabawar yara saba'in a cinya.

Na zargi batir, ga hon yana ihu lafiya lau.
Na zargi sitata, ga ta tana juyi har da rawar jiki.
Na zargi dillalin da ya haɗa ni da ita shekara shida ke nan.
Allurar mai na kalle ta, ta kalle ni,
tana nan kan kwata, inda take tun damina.

Bappayo ya iso daga Tashar Dukku a kan babur,
sifana ɗaya a aljihu, goro a kumatu.
Ko bonet bai taɓa ba.
Ya ce, "Malam, kashe rediyo. Bakin ma a ba shi hutu."
Ya ɗage kujerar baya, ya kafa kunne
kamar ungozoma a kan ciki.
"Murɗa rabi. Kar ka tada."

Na murɗa. Wani ɗan zuuu ya taso, siriri.

"Ka ji? Famfon yana da rai.
Amma in yana cikin mai, kukan kurciya yake yi, ƙasa-ƙasa.
Wannan kukan sauro ne. Iska yake zuƙa."

Ya kwance fulogi ya shinshina:
a bushe, kamar bakin mai azumi da la'asar.
Ya nuna mini tartsatsin wuta, shuɗi tas.
"Wuta kam akwai. To murhu ba itace, me zai dafa?"
Ya sunkuya ya ƙwanƙwasa tanki,
tankin ya amsa da muryar ɗakin da aka kwashe kaya.

Na ce, "Ai jiya na zuba na dubu uku."
Ya ce, "Jiya.
Ka je Pantami, ka biya kasuwa, ka hawo tudu,
ka kuma ajiye ta hanci sama.
Ɗan guntun da ya rage ya gudu lungu,
bakin famfo ba ya kai masa.
Allurarka kuwa a tsaye ta mutu, daina tambayarta."

Mai shayi ya ajiye buta, yaran maƙwabta suka sa kafaɗa,
muka kai ta inda ƙasa ta daidaita.
Dudu ta miƙo kuɗin adashenta ta bayan labule,
ba ta ce komai ba, na dai ji.
Lita huɗu daga galan ɗin ɗan bumburutu.

"Murɗa rabi, ka mayar. Sau uku.
Bar shi ya jiƙa maƙogwaro tukuna."
A na huɗu ta yi gyaran murya,
ta girgiza, ta tashi,
kamar ba ita ta kunyata ni gaban ɗalibaina biyu da ke wucewa ba.

Ya zazzage matata a tafin hannu ya nuna mini:
tsatsa, yashi, wani baƙin abu mara suna.
"Ƙasan tanki laka ce, Malam.
Kuma mai ne ke sanyaya famfo.
Ranar da ya ƙone, ba kuɗin lita huɗu za ka nema ba."

Na ce na ji.
Ban gaya masa daga sha biyar ga wata
buhun masara ma a ƙasansa muke yawo ba.

Na laluba aljihu, ya ɗaga hannu:
"Bari sai albashi ya shigo."
Ya hau babur, ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu,
kunnensa a kan nasa tankin.
Ya yi murmushi, bai tada ba,
ya saki birki,
gangare ya kai shi gari.