Lamba Ashirin da Uku

Ƙarfe ɗaya na dare a Mabera,
an ɗauke wuta tun magariba,
batir na kuka kamar ɗan akuyar da aka ɗaure nesa da uwa,
ni da kwamfuta muna zufa tare.

Manhajar 'yan albasa ta tsaya cik.
Gobe kasuwa, motocin Wurno za su iso da asuba.
Alhaji Ɗangande ya kira sau huɗu,
na biyar na kife wayar.

A rumbun bayananmu akwai wani ɗan tebur
da ba ya riƙe sunan kowa, ba ya riƙe kuɗi,
aikinsa ƙirga kawai:
sauyi na nawa aka yi wa rumbun, ran yaushe, da hannun wa.
Haka kakana ke yi a Achida, da gawayi
a jikin rumbun gero: zane ɗaya, dami ɗaya ya fita.
In zane ya ce bakwai, ido ya ga takwas sun tafi,
ranar ba mai cin tuwo da daɗi a gidan.

Na ɗaya, mun gina ɗakin sunaye.
Na tara, mun buɗe gurbin lambar waya.
Na sha huɗu ni na yi shirme,
na ɗauka buhu duk buhu ne, ba babba ba ƙarami.
Ban goge shi ba. Na sha biyar ya zo ya gyara.
Abin da ya shiga lissafi ba a kankare shi,
sai dai a ɗora wani a kai
kamar yaɓe bayan damina.

Yau tebur ya ce ashirin da biyu,
tawa kwamfutar ta ce ashirin da biyu,
amma uwar garke na ɗauke da gurbin da ban san shi ba,
ɗaki a tsakar gida, ba magini, ba ranar gini.
Sauyina na ashirin da uku ya zo wucewa
ya yi karo da bango cikin duhu.

Na leƙa gurbin. Sunansa inkiya.
Dogo. Na Hajjo. Mai Jaki. Ɗan Auta.
Na kira Sirajo, muryarsa duk barci:
"Ni na sa shi, ran Alhamis.
Abubakar goma sha ɗaya gare mu daga Wurno,
uku har sunan uba ɗaya.
Kuɗin buhu arba'in ya tafi ga wanda bai noma ba.
Mutum na tsaye gabana yana rantsuwa,
in ce mashi ya jira lamba?"

Faɗan da na dafa tun isha ya huce a bakina.
Gaskiyarsa.
Amma ran da zazzaɓi ya kwantar da Sirajo,
ko aka sayo sabuwar na'ura aka ce ta gina rumbun daga tushe,
wa zai gaya mata Dogo ba na Hajjo ba ne?

Sai na ja nawa baya,
na ba gurbinsa ashirin da uku,
na rubuta hanyar hawa, na rubuta hanyar sauka,
sunansa a kai, da Alhamis ɗin, da dalili a layi guda.
Nawa ya koma ashirin da huɗu, bai ragu da komai ba.
Na gwada a kwafi tukuna kafin in taɓa na gaske,
ba a koyon iyo a Rima ranar da ya cika ya batse.

Rubutu ya zubo fari bisa baƙi, ya zubo, ya tsaya.
Ashirin da huɗu nan.
Ashirin da huɗu can.

Ladanin unguwa ya fara gyaran murya.
Na tura wa Ɗangande kalma biyu: ta tashi.
Na ja tabarma waje, ƙasa har yanzu da ɗumin jiya,
iska ta kawo warin albasa daga motar farko.