Kwana Bakwai a Madura

Daren Talata ya zo mini, ban shirya ba,
ina tsakiyar Suratu Maryam,
daidai inda naƙuda ta kai ta gindin dabino.
Sulastri ce ta rufe mini Mus'hafi,
ta ɗora shi can saman kabad.

Da asuba aka buga gangar masallaci,
'yan ɗakinmu suka fita cikin fararen lulluɓi
kamar balbelu sun nufi fadamar shinkafa.
Saura ni da gidan sauro, da ƙugin teku,
da tsoron da ban faɗa wa kowa ba:
hadda tsuntsuwa ce,
in ka sake ta kwana bakwai,
wa ya ce za ta gane hannunka?

Nyai Maftuha ta same ni bayan madafa,
ina tsinke kawunan ƙananan kifi,
ina share hawaye da kafaɗa.
Ba ta tambaya ba.
Shekara arba'in tana karantar da 'yan mata,
ta san fuskar mai fashin salla.

Ta ce, "Rohmatun, matsa in zauna.
A mazhabarmu ta Shafi'i
hannu ya dakata, harshe ya dakata da tilawa.
Malaman Malikiyya kuwa sun sassauta
wa mai koyo da ke gudun mantuwa,
su ma ba da ka suka faɗa ba.
Amma duk cikinsu, wa ya ɗora wa kunne alwala?
Wa ya ce zuciya sai ta yi wanka kafin ta tuna?
Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi,
yakan jingina da iyalinsa tana cikin kwanakinta,
yana karatu, tana ji.
Ba kora ba ce, 'yata.
Wanda ya ce ki tashi, Shi ya ce ki zauna."

Ta ɗauki kifi ɗaya, ta taya ni tsinka.
"Ba gishiri babanki ke yi ba?"
Na ce gishiri ne.
Ta yi shiru, ta bar ni da sauran.

Sai na gan shi, wando a naɗe har gwiwa,
ya jawo teku cikin fage, ya toshe mashiga,
ya koma inuwa, bai ƙara taɓa ruwan ba.
Rana ke aiki.
Shi dai kallo, da haƙuri, da shayi mai sanyi.

Daren na huɗu Sulastri na bita, ina kwance,
ƙwalbar ruwan zafi a marata.
Ta ƙetare aya guda ba ta sani ba.
Kafin in yi tunani, yatsana ya ƙwanƙwasa katakon gado.
Ta koma baya. Ta sake ƙetarewa.
Na sake ƙwanƙwasawa.
Ta duba shafi, ta ɗago, ta harare ni,
muka tuntsire da dariya har aka yi mana tsawa daga ɗakin gaba.

Ran na takwas na ja guga tun da duhu,
ruwan rijiya ya sa haƙorana kaɗawa.
Na sauko da Mus'hafi da hannuna.
Maryam na nan gindin dabino inda na bar ta,
ƙorama na gudu a ƙarƙashinta.
Na buɗe baki.
Ayoyin suka zo farare, ƙwaya-ƙwaya,
har da ɗanɗano a kan harshe.