Gurbi na Ashirin da Huɗu

Alojz ya dire mini littafin a kan tebur,
bangonsa ya sha kaki, yana ƙamshin hayaƙi.
Ya ce, “Tjaša, ke ce mai ilimin kwamfuta,
zuba mu a ciki. Amma a sa ƙofa,
kada duk baƙon da ya sauka Radovljica
ya san inda amyoyinmu suke kwana.”

Mu ashirin da uku ne, masu kiwon zuma,
rabinmu sun ba saba'in baya.
Shekara arba'in littafin nan ke riƙe da mu:
wa ya biya kuɗin shekara, wa ya ce sai an sha zuma,
wa ya ari tukunyar tacewa ya yi shiru da ita.

Kwana uku ina saƙa.
Ashe rumbun bayanai saƙar zuma ne,
gurbi kusa da gurbi, kowanne da kayansa:
nan suna, nan lambar waya,
nan yawan amya, nan cutar da ta ci ta bara.
Dusar ƙanƙara na sauka kan duwatsun Karavanke,
shayina ya huce sau huɗu ban sani ba.

Sai ƙofa.
A bakin amya akwai masu gadi,
ba sa tambayar suna, sansanar ka suke yi.
Na rasa yadda zan yi wa na'ura hanci,
sai na raba wa kowa kalmar sirri.
Zdenka ta manna tata a jikin firji.
Bojan ya manta tasa kafin ya kai gida,
ya kira ni da tsakar dare,
wai ƙofar ta raina shi, shi da ya kafa ƙungiyar.

Duk wannan wasa ne.
A shafi na sittin da ɗaya na ci karo da Vinko.
Shekara shida ke nan ƙasa ta rufe idonsa,
amma ga sunansa, kowace Janairu,
da hannun Alojz a gefe: an biya.
Matarsa Milka ke kawowa cikin ambulan.
Ba ta taɓa zama taro ba, ƙudan ma tsoronsu take,
ta dai ce kada a ja layi a kan sunan.

Na'ura kuwa amsa biyu ta iya:
yana nan, ko a goge.
Na ɗora yatsa kan maɓalli, na ɗauke.
Ba shi da waya, ba shi da amya,
ƙudansa tuni suka bi wata sarauniya.
Na haƙa gurbin da babu shi a tsarina,
na rasa sunan da zan ba shi,
na rubuta: ana biya masa.

Ranar taro na haska sunayen a bango.
Alojz ya bi su da yatsa, leɓensa na motsi,
da ya kai ashirin da huɗu sai ya yi gyaran murya,
ya turo mini kwalbar zuma, bai dube ni ba,
ya mayar da littafinsa hammata.
“Wuta tana ɗaukewa,” in ji shi.

Na kai wa Milka 'yar takarda a ninke.
Ta ce ita ina ta iya waɗannan abubuwa.

Bayan mako guda na duba jerin masu shiga:
Vinko, ƙarfe biyar da kwata na asuba.
Minti biyu ya yi a ciki.
Bai taɓa komai ba, ya fita.