Tudun Tsingaro

Babana Ermete ya manta sunana tun watan jiya.
Yakan kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu,
ko ya dube ni kamar mai karɓar haraji.
Amma ran Laraba da na tura kekensa
zuwa gindin Testaccio,
tudun nan na Roma da ba dutse a cikinsa,
sai tulunan man zaitun da aka farfasa aka jibge
shekaru aru-aru,
ya ɗaga yatsa, ya ce: testeus.

Shekara arba'in ya yi yana koya wa yara Latin,
alli har a girarsa.
Yau bai san ko ya karya kumallo ba,
amma ga shi yana juya kalmar a baki,
testeus, testea, testeum,
kamar mai ciniki yana ƙwanƙwasa tukunya
ya ji ko tana da tsaga.
"Abin da aka gina da yumɓu," in ji shi,
"abin da ya sha wuta,
abin da ƙamshin ƙasa bai bar jikinsa ba."

Ruwan daren jiya ya tono wani kunnen tulu
a bakin shinge. Ja-ja, da nauyi.
Na goge shi da gefen rigata, na ɗora masa a tafi.
Can ƙasan kunnen akwai ɗan gurbi
inda magini ya danna tun yumɓun na ɗanye.
Baba ya sa babban yatsansa. Ya zauna daram.
"Sauri yake yi," ya ce, "ana jiransa a jirgi."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa sau biyu.
"Mu ma testa muke ce wa kai. Tukunya ke nan.
Tawa ta tsage, Ornella.
Man yana ta yoyo."

Ornella.
Na juya ina gyara bargon da bai zame ba.

Mai gadi ya leƙo ya ce a mayar da abin inda yake.
Na mayar, gurbin yana kallon sama.
A hanyar gida Baba ya tambaye ni
ko ni ce sabuwar mai aikin,
yatsansa da jar ƙasa har yanzu,
ni kuwa ban kai shi famfo ba.