Numfashin Injin

Sali ɗan Bobbo ya dawo da ita a jaye,
ranar Talata, rana ta take tsaka a Yelwan Garwa.
Marsandi ce baƙa, ta girme shi da shekara uku,
cikinta kuwa ya sha bidi'a:
turbo daga Kwatano, fistan daga Duwala,
salansa mai faɗin bakin tulu.
Mu muka ɗaura su, ba a yi wata guda ba.
Ya ce, "Maigida, gudu kam ba a magana,
amma fa tana hawaye."

Na ɗaga bonet. Wane irin hawaye, ai amai ne.
Sandar gwajin mai ta tuma daga raminta,
baƙin mai ya yi feshi har kan batir,
robar bayan injin tana ɗiga, ɗis, ɗis,
kamar tsohon kwano a tsakiyar damina.

"Wa ya ja tiyon nan?"
Hamajoda ya tsura wa silifas ɗinsa ido.
Inda ya same shi nan ya mai da shi, yaron kirki,
bai san an sake fasalin gidan ba.
Ƙofar da take zuƙa a da, yau hurawa take yi,
duk ƙarfin da turbo ya tara
sai ya kwarara cikin kwanon mai, ya rasa mafita.
Ban daka masa tsawa ba.
Ni ne ban duba ba.

Marigayi Gambo Tsito, da ya koya mini riƙon sifana a Kusiri,
yakan ce, bakinsa jawur da goro:
"Komai sabuntar ringi, sai wuta ta saci hanya ta gangara.
Ka ba ta ƙofa,
in ba haka ba ta fasa wa kanta taga."

Sai muka sake jan hanya.
Daga murfin bawul, tiyo mai kaurin babban yatsa,
wanda ya san mai, ba na ban ruwan lambu ba.
Muka kauce wa salansa da taƙi guda,
muka hana shi lotsawa, don mai na son kwari,
in ya samu ya kwanta, ya toshe.
Tsohuwar tukunyar kashe gobara muka yanka,
muka cusa mata soson ƙarfe biyu,
Hamajoda ya sayo wajen Dudu mai kayan miya,
har da canjinsa na dala.
Nan tururi zai huce, ya aje kayansa,
iskar ta wuce fes, ta shiga ta gaban turbo,
inda ake zuƙa har yanzu.
Ƙaramin bawul mai hanya ɗaya
na sa a baki na hura: ya wuce.
Na juya na hura: ya ƙi.
Ɗacinsa bai bar harshena ba har la'asar.

Da yamma muka haura hanyar Pitowa.
Sali ya taka, allura ta miƙe,
gonakin auduga suka zama zane ɗaya fari.
Muka tsaya gindin wata tsamiya, na shimfiɗa kwali a ƙasa.
Muka jira.
Ko ɗigo.

Shi ya yi ta dariya yana dukan sitiyari.
Ni kuwa hannuna na cikin aljihu,
kan takardar asibiti da na ninke huɗu,
wadda ta ce jinina ya hau,
wadda ko Inna Asta ban nuna wa ba.

Na ce, "Duk Juma'a ka kwance ƙasan tukunyar.
Abin da zai fito bai fi cokali biyu ba,
ruwa-ruwa, mai wari.
Kada ka raina shi, kada ka bar shi ya taru."

Ya ce to, bai ma ji ba.
Hamajoda ne ya ɗago ya dube ni.