Dutsen Inna Ige

Mun bar Sakkwato ana sallame asuba,
mu biyar, da tabarma, da kular dafa-duka a cinyar Luba.
Malami na ƙirga jakunan albasa a hanyar Goronyo,
ya kai talatin da ɗaya, barci ya ƙwace sauran.

Alkawari na yi musu tun ƙaramar salla:
zan kai ku ku ga dutse a tsakiyar ruwa.
Ga shi can kuwa, baƙi, a durƙushe
kamar raƙumin da aka manta ba a sauke wa kaya ba,
balbelu sun yi masa furfura.

Lawali mai kwalekwale ya ce dubu uku.
Luba ta ce, yo Makka za ka kai mu?
Aka tsaya a dubu biyu da kwanon shinkafa.
Inna Ige ta ce ita ba ta shiga,
ita ce kuma ta fara tuɓe takalmi.

Muka soma zagaye ta hannun dama.
Kulu na ɗaukar hoto, yatsanta ya rufe rabin kowanne.
Guza ya leƙo daga tsagin dutse ya koma,
Malami ya rantse kada ne,
muka bar masa kadansa.
Ni kuwa ina ta zuba bayani irin na malamin aji,
zurfin ruwa, tsawon dutse, yadda ake datse gulbi,
ba mai saurare sai filafili.

Da muka karya bayan dutsen, inuwa ta rufe mu,
ruwan ya koma kamar na rijiyar marina.
Inna ta ɗaga hannu.
Lawali ya daina tuƙi.

"Wanga dutsi na san shi," in ji ta.
"Nan munka yi kiwon awaki, ni da Hassi.
Ga tsamiyar can, ashe ba ta mutu ba.
Da ƙafa munka hau shi, wa ya san jirgi?
Nan ƙarƙashinku gonar babanmu take,
dawa har ta ɓoye mutum bisa doki."

Duk muka leƙa ƙarƙashinmu.
Ba komai sai fuskokinmu suna rawa,
da wani ɗan kifi da ya ratsa ta goshin Kulu.

Shekara arba'in da biyu ina ɗanta,
na san ciwon gwiwarta, na san yawan sukarin shayinta,
ban taɓa tambayar ta inda ta yi wasan ƙasa ba.
Na kawo ta kallon baƙon wuri,
ashe ni ne baƙon.

Ta ce a matsa da ita gaɓa.
Ba ta hau ba, gwiwa ta hana,
Malami ta aika, ya dawo da tsamiya cike da hula
da ƙaya biyu a tafin ƙafa.
Yana cirewa ya ce, Inna, to awakin fa,
sun iya iyo?

Ta yi dariya har kwalekwale ya karkata,
har ta sa gefen mayafi a ido,
ta daɗe ba ta cire ba.

Hotuna sittin muka dawo da su, duk da yatsan Kulu.
Washegari Luba ta dama kunu da tsamiyar,
ya yi tsami, yara suka ture kofi.
Inna ta shanye nata, ta jawo nasu.