Takalmi Ɗaya

Kantina na kallon teku a gaɓar Savai'i.
Shekara goma sha tara ina auna wa mutane daɗi:
naman gwangwani, jelar talotalo mai naso,
lemon kwalba ja, da kore, da mai ruwan zuma.
Ban taɓa tambayar kowa inda yake zuba su ba.
Ɗan kasuwa hannu gare shi, ba shi da baki.

Sai ranar Talatar da aka dawo da Inna daga asibiti,
Talaleu, wadda a dā take riga maza hawa tudu
da kwandon gwaza a kafaɗa.
Aka sauke ta a tabarma kamar ana sauke ƙwai.
Ƙanwata ta miƙo takalma biyu,
ta tsaya,
ta mayar da ɗaya bayanta.

Ciwon sukari, in ji likita.
Ni kuwa na san kantar da ya sauko daga kanta,
na san farashinsa,
da hannuna na rubuta shi da alli.

Bayan wata guda Matalena, ma'aikaciyar jinya,
ta kafa sikeli a gindin mangwaro.
Matan gari suka yi layi suna dariyar tsoro,
kowace na cire ɗankunne, wai ko nauyi zai ragu.
Da na hau, allurar ta yi gudu ta kusa zagayowa gida.
Ba wanda ya yi dariya.
Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Takarda ta zo daga Apia: an ɗora haraji a kan zaƙi.
Na zage su, ba zan ɓoye ba,
na ce masu kujera sun sa mini yatsa a aljihu.
Dattawa kuma suka zauna, suka yanke:
babu alewa a ƙofar makaranta,
babu kwalin gwangwani a gaisuwar mutuwa.
Fasto Auelua, wanda teɓarsa ke riga shi shiga majami'a,
ya tsaya ranar Lahadi ya ce,
"Mun daɗe muna kai wa gidan makoki
abin da ya kashe mamacin."
Ya sauko yana haki. Washegari shi ya fara fita.

Yanzu kafin zakara ya gama gyara murya
muna bin hanyar bakin ruwa, mu talatin, wani lokaci tara.
In an yi ruwan sama, mu uku.
Lemalu na ƙorafin gwiwa tun daga gida har gada,
amma bai taɓa fashi ba.
Samari sun sake sare gonar da ciyawa ta cinye,
kwale-kwalen da ya shekara a kife ya tuna da gishiri.

Ba zan ce mun ci nasara ba.
Na sauke kilo takwas, Kirsimeti ya dawo mini da uku.
Har yau akwai lemo a kantina, can ƙasa, can lungu,
mai so sai ya durƙusa.
Kifi ya fi gwangwani tsada ran da teku ta yi fushi,
kuma uwa mai 'ya'ya biyar ba da wa'azi take cefane ba.

A saman kanta, inda kwalabe ke ƙyalli a dā,
na jera ɗanyar kwakwa da gwanda da ayaba.
A tsakiyarsu, takalmin hagu na Inna,
wanda bai ƙara taka ƙasa ba.
Yara kan tambaya, "Nawa ne wannan?"
Nakan ce, "An riga an biya."

Ita kuwa tana kan kekenta a bakin hanya kullum asuba,
bargo a cinya, sanda a hannu,
tana ƙirga mu kamar awakinta.
In na rage sauri sai muryarta ta sha gabana:
"Peniamina! Ƙafa biyu gare ka.
Yi tafiyar da ni."